Agogon da ke cikin duwatsun Fagam da Birnin Kudu: wa zai karanta mana shi?



Yau na ɗauko maganar da wasu za su ce ta yi mana nisa, wato binciken da manyan ƙasashe ke yi kan yadda ƙwayar zarra ke rikiɗa, da inda binciken ya dosa nan da shekara goma zuwa ashirin. Ra'ayina a taƙaice shi ne, ba mu da kuɗin gina injunan da ake wannan aiki da su, kuma bai kamata mu ɓata lokaci muna mafarkinsu ba. Amma muna da halin horar da yaran da za su iya awo da lissafin da aikin ke buƙata. In ba mu yi haka ba, sha'anin lafiyarmu da ma'adinanmu da ruwan shanmu zai ci gaba da dogara kan awon da wasu suka yi mana. Ku ara mini hankalinku, zan faro daga gida.

Shekarun duwatsunmu

Duk wanda ya bi hanya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ya leƙa wajen Kila ko Fagam, ya san ƙasarmu ƙasar duwatsu ce. A wurin masana ilimin ƙasa waɗannan sunaye sanannu ne. Dutse da Birnin Kudu da Kila da Fagam da Shira da Ningi duk suna cikin jerin wasu duwatsu da suka daskare daga narkakken dutsen cikin ƙasa. Jerin ya taso daga tsaunukan Azbin a Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya ratsa ta kanmu, ya wuce Jos har zuwa Afu a jihar Nasarawa. A 1984 masanin duwatsu M. A. Rahaman na Jami'ar Ife da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa shekarun duwatsun suna raguwa in ka nufi kudu. Na yankinmu sun kai wajen shekara miliyan 200, na Jos wajen miliyan 165, na Afu wajen miliyan 140.

To, ta yaya aka sani, tunda dutse ba shi da takardar haihuwa? Amsar tana cikin ƙwayar zarra.

Kowane abu da muke gani an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai ɗan ƙwallo, kamar yadda ƙwallo yake a cikin goriba, sai dai shi ƙanƙantarsa ta wuce misali. Ƙwallon ya ƙunshi abu iri biyu, furoton da nutiron. Yawan furoton ne ke ba sinadari sunansa: mai 6 shi ne kabon na cikin gawayi, mai 8 oksijin da muke shaƙa, mai 26 ƙarfe, mai 79 zinare, mai 92 yuraniyom. Yawan nutiron kuwa yana iya bambanta a gida ɗaya, kamar 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya amma wani ya fi wani nauyi. Shi ya sa ake liƙa lamba a gaban suna. Ƙarfe-56 na nufin furoton 26 da nutiron 30, shi ne mafi yawan ƙarfen da ke jikin garma da fartanya.

Idan furoton da nutiron suka daidaita, ƙwallon yakan zauna lafiya. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya fiye da kima, ƙwallon ba ya samun natsuwa. Wata rana sai ya tofar da wani ɓangare nasa, ya fitar da tururi marar ganuwa, ya koma wani sinadari dabam. Wannan ita ce rikiɗar da nake magana a kai. Babu mai iya faɗin ranar da ƙwallo guda zai rikiɗa, amma in aka tara su da yawa akwai wa'adin da rabinsu za su rikiɗa, kuma a nan doron ƙasa zafi ko sanyi, rani ko damina, ba sa taɓa wannan wa'adi. Ana kiransa rabin rai. In kana da mudu 16, bayan wa'adi ɗaya saura 8, bayan na biyu saura 4, bayan na uku saura 2, a haka har ya ƙare.

A cikin duwatsunmu akwai ɗan rubidiyom-87, wanda rabinsa ke komawa sitironshiyom cikin shekara wajen biliyan 49, akwai kuma yuraniyom-238, wanda rabinsa ke komawa dalma cikin shekara biliyan 4 da rabi. In ka auna nawa ya rage, nawa ya rikiɗa, lissafi zai ba ka ranar da dutsen ya daskare. Da irin wannan dabarar, ta hanyar kabon-14 mai rabin rai na shekara 5,730, aka gano cewa kwalekwalen da aka tarar a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000. Amma ku lura, sai da aka kai ɓallin itacen Jamus kafin a ba mu wannan labari.

Masu gajeren kwana

Ƙwallayen da ke zaune lafiya ba su wuce iri 250 da 'yan kai ba. Waɗanda aka taɓa gani gaba ɗaya, har da na ƙirar ɗakin bincike, sun haura 3,300. Lissafin masana kuwa yana nuna cewa wajen 7,000 ne za su iya samuwa. Ke nan rabin taswirar babu wanda ya taka shi. Waɗanda suka rage ɗin su ne masu gajeren kwana, waɗanda nutiron ko furoton ya yi musu mugun yawa. Wasu ba sa cika sakan ɗaya a raye, wasu kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ba a tono su a rami, sai dai a ƙera su, a auna su nan take kafin su shuɗe.

Yadda ake ƙera su ya yi kama da fasa dutse a kwari. Ana ɗaukar ƙwallaye masu nauyi, a cilla su da inji har su kai wajen rabin gudun haske, su daki wani faranti su tarwatse. Sai manyan maganaɗisu su tace tarkacen, su ware ɗan abin da ake nema, a dasa shi cikin na'ura a jira rikiɗarsa. Wuraren da ke iya ƙera su 'yan kaɗan ne a duniya. Akwai ISOLDE a cibiyar CERN kusa da Jeniba tun 1967, da GSI a Darmstadt ta Jamus inda ake gina sabon wuri mai suna FAIR, da GANIL a Faransa, da RIKEN a Japan da ta buɗe babban injinta a 2007. Na baya-bayan nan da ya yi suna shi ne FRIB a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, wanda ya fara aiki a watan Mayun 2022 bayan ya lashe dala miliyan 730. A canjin 2025 wannan kuɗi ya fi kasafin kuɗin Jigawa na shekarar ɗungurungum. Koriya ta Kudu da Chaina su ma sun shiga sahu da nasu.

Ina aka dosa?

Abu na farko shi ne neman bakin iyaka: nutiron nawa ƙwallo zai iya ɗauka kafin ya ƙi karɓa? Tambayar kamar mai sauƙi, amma ƙananan sinadarai goma na farko ne kawai aka tabbatar da iyakarsu. Oksijin mai furoton 8 yana tsayawa a nutiron 16. Ƙara furoton ɗaya tak, ka koma fulorin, sai ya ɗauki nutiron 22, kamar yadda RIKEN ta tabbatar a 2019. Ƙarin furoton guda ya buɗe gurbin nutiron shida, kuma har yanzu masana na fama da bayanin wannan tsalle. Tun 1949 aka san wasu lambobi, 2 da 8 da 20 da 28 da 50 da 82 da 126, waɗanda in ƙwallo ya cika su yakan yi ƙarfi na musamman. Bisa wannan ƙa'ida ana zaton oksijin-28, mai furoton 8 da nutiron 20, zai nuna alamar irin wannan ƙarfi. Da aka samar da shi a RIKEN, aka wallafa sakamakon a 2023, sai ga shi ya watsar da nutiron huɗu nan take, kuma awon bai nuna ƙarfin da ake zato ba. Ashe ƙa'idar da aka koyar a littattafai shekara saba'in ba ta tafiya daidai a can bakin iyaka.

Abu na biyu shi ne baƙin salon rikiɗa. A 1960 wani masani ɗan Rasha mai suna Goldansky ya yi hasashen cewa akwai ƙwallon da zai tofar da furoton biyu lokaci guda. Sai a 2002, bayan shekara 42, aka gani a ƙarfe-45 a GANIL da GSI. A 2007 wata tawaga daga Warsaw ta Poland ta ɗauki hoton sawun furoton biyun da kyamara cikin akwatin iskar gas. Yanzu farautar ta koma ɓangaren nutiron. Akwai kuma abin mamakin da GSI ta nuna a 1996: reniyom-187 yana da rabin rai na shekara biliyan 40 da ɗoriya, amma da aka tuɓe masa dukkan ilektiron ɗin da ke kewaye da ƙwallonsa, kamar yadda ke faruwa a cikin taurari masu tsananin zafi, sai wa'adin ya dawo shekara 33. Irin waɗannan gwaje-gwaje na daga cikin abin da ake gina FAIR dominsa.

Abu na uku shi ne asalin zinare. Wajen rabin sinadaran da suka fi ƙarfe nauyi, har da zinare da yuraniyom, sun samu ne a inda nutiron ke kwarara kamar ruwan sama, ƙwallaye su yi ta haɗiyarsa cikin sakan ɗaya ko biyu, su zama masu gajeren kwana, sannan su yi ta rikiɗa har su zauna. Ranar 17 ga Agustan 2017 na'urori suka kama karon wasu matattun taurari biyu da nutiron ya cika, aka juya madubin hangen nesa wajen, aka ga haske yana dusashewa cikin kwanaki. Wannan hasken zafin rikiɗar sababbin ƙwallaye ne. Ba za a iya fassara shi ba sai an san rabin ran kowannensu. Shi ya sa a 2015 aka wallafa awon rabin rai guda 110 daga RIKEN, 40 daga ciki ba a taɓa auna su ba, kuma gwajin farko da FRIB ta yi a 2022 awon rabin rai ne. Ɗan kunnen da ke cikin lefe da yuraniyom ɗin da ke cikin dutsen Fagam duk ta wannan hanya suka biyo.

A duk waɗannan abu ɗaya ke maimaituwa. Yayin da ake ƙara kusantar iyaka, abin da inji ke samarwa sai raguwa yake yi, wani lokaci ƙwallo 'yan ƙalilan a yini guda. Don haka nauyin aikin yana komawa kan na'urorin awo masu kaifi, da kwamfuta, da mutumin da zai zauna wata da watanni yana tace bayanai har ya zaƙulo rikiɗa goma na gaskiya cikin miliyoyin hayaniya. Ku riƙe wannan, domin nan ne ƙofarmu take.

Me ya shafe mu?

Na san wani zai ce, Malam, yara na zaune a ƙasa a aji, taki ya yi tsada, kai kana maganar taurari. Gaskiya ne, kuma ba na neman a ɗebi kuɗin kujeru a sayi inji. Amma bari mu duba wurare uku da wannan ilimi ya riga ya shigo mana gida.

Na farko asibiti. Sinadarin teknishiyom a 1937 aka fara ƙera shi a ɗakin bincike, lokacin babu wanda ya san amfaninsa. Yau irinsa mai rabin rai na awa 6 shi ne aka fi amfani da shi a duniya wajen ɗaukar hoton ƙashi da zuciya da ƙoda daga ciki, miliyoyin marasa lafiya a kowace shekara. Ayodin-131 mai kwana 8 yana maganin cutar maƙoƙo mai guba da dajin maƙogwaro. Kobal-60 mai shekara 5 da 'yan watanni shi ne tushen injin gashin ciwon daji na tsohon yayi. A 2022 Amurka ta amince da maganin lutishiyom-177 ga dajin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Yanzu ana gwajin aktiniyom-225 da wasu 'yan gidan tabiyom, kuma CERN ta buɗe sashe na musamman a 2017 don samar wa likitoci irin waɗannan daga abin da ISOLDE ke ƙerawa. Abin da ake wa kallon wasan masana yau, shi ne maganin da jikokinmu za su nema.

Rabin rai kuma ba ya jiran mota. Fulorin-18 da ake ɗaukar hoton ciwon daji da shi rabin ransa minti 110 ne. In aka haɗa shi a Legas aka ɗoro a mota zuwa Birnin Kudu, bayan awa 18 abin da ya rage wajen kashi ɗaya cikin dubu ne kawai. Irin wannan magani dole a kusa ake haɗa shi, kuma dole a samu ɗan gida da ya iya haɗawa da aunawa. Ko na'urar hoton ƙirji da ke asibitin tarayya na Birnin Kudu ko asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ƙa'idar aiki a duniya ita ce a samu masanin fiziks na asibiti mai duba adadin tururin da ke shiga jikin marar lafiya da ma'aikaci.

Na biyu wutar lantarki. A 2017 Nijeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan batun tashar nukiliya, an kuma ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya kafawa. Masar ta fara gina tata a El Dabaa a 2022. Duk tukunyar nukiliya cike take da masu gajeren kwana, domin su ne ɓaraguzan yuraniyom idan ya tsage. Ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na nutiron ɗin da ke cikin tukunya yana fitowa ne a makare, daga rikiɗar waɗannan ɓaraguzai, jinkirin da ke kaiwa daga ƙasa da sakan zuwa kusan minti. Wannan ɗan jinkiri shi ne linzamin da ke ba mutum damar sarrafa tukunyar. Haka kuma bayan an kashe ta, rikiɗa na ci gaba da ba da zafin da ya kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na ƙarfinta a farkon lokaci. Wannan zafin ne ya narkar da tukwanen Fukushima ta Japan a watan Maris na 2011, bayan igiyar ruwa ta kashe injunan sanyaya su. Har gobe ana sake auna rikiɗar ɓaraguzan nan don gyara lissafin zafin. Ƙasar da za ta sayi tukunya ba ta da masu fahimtar wannan lissafi, ta sayi doki ne linzami na hannun mai sayarwa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku ƙasar da muke takawa. Irin duwatsun jerin da na ambata sukan ɗauki yuraniyom da toriyom fiye da yawancin duwatsu. A hanyar yuraniyom ta komawa dalma yakan bi ta wata iska marar wari mai suna radon, mai rabin rai na kwana kusan 4, wadda ke iya taruwa a ɗaki marar taga ko ta narke cikin ruwan rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon a sahun gaba bayan taba sigari cikin abubuwan da ke jawo dajin huhu. A Jos an daɗe da auna tururi mai yawa a tarin yashin da masu haƙar kuza suka bari, saboda toriyom da ke ciki, kuma mutane sun ɗebi irin yashin sun yi gini. Kada a fahimce ni cewa ina shelar haɗari a Gwaram ko Birnin Kudu. Tururin nukiliya kaɗan yana ko'ina, har a jikin ɗan Adam, inda ƙwallayen fotasiyom-40 wajen 4,000 ke rikiɗa kowane sakan a jikin babban mutum. Tambayar ita ce nawa ne, a wace rijiya, a wane kwari. Awo ne kaɗai ke raba wannan gardama, kuma yanzu da haƙar ma'adinai ke bazuwa a Arewa, buƙatar masu awon sai ƙaruwa take.

Ba daga sifiri za mu fara ba

Tarihin wannan ilimi a Nijeriya daga ƙurar hunturu ya faro. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya, inda iskar hunturu ke tasowa. A Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa kan ci gaba da gwajin. A 1964 aka kafa sashen kula da kariya daga tururin nukiliya a Jami'ar Ibadan. Magabata sun gane tun lokacin cewa fushi ba ya isa, sai da mai auna ƙurar.

Yau a Samaru ta Zariya akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ƙaramar tukunyar bincike ƙirar Chaina ke aiki tun 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, kwatankwacin dutsen guga talatin, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom marar haɗarin bam, aka mayar wa Chaina tsohon. Babban aikinta gwajin rikiɗa ne tsantsa. Ana sa garin dutse ko ƙasa ko hatsi a ciki, nutiron ya dake shi, wasu ƙwallaye su zama masu gajeren kwana, a fito da shi a ƙirga tururin. Alminiyom-28 yakan rabe cikin minti 2 da 'yan sakanni, manganis-56 cikin awa 2 da rabi, sodiyom-24 cikin awa 15. Daga nan a san me ke cikin samfurin. Ɗalibin da ya ƙware a wannan ya riga ya san harsashin aikin da ake yi a Mishigan. Akwai kuma ƙaramin injin cilla ƙwallaye a Ile-Ife. A nahiyar Afirka babban wurin shi ne iThemba LABS kusa da Cape Town, inda ake binciken ƙwallaye ana kuma haɗa magungunan asibiti a wuri guda.

Darasin da ya kamata ya hana mu barci yana arewa da mu. Tun 1971 ake fitar da yuraniyom daga Arlit, 'yan uwanmu na Nijar na haƙa, wasu na kunna fitila da shi. Ko da Nijar ta karɓe kamfanin Somaïr a 2025, mallakar rami abu ɗaya ne, mallakar ilimin abin da ke cikin ramin wani abu ne dabam, kuma shi ba a karɓe shi da doka.

Abin da nake ganin za mu iya

Na farko, a gyara koyar da fiziks a sakandarenmu. Darasin rabin rai ba ya buƙatar wutar lantarki. A ba aji murafen kwalba 200, a watsa a ƙasa, a kwashe waɗanda suka kife, a ƙirga saura, a sake watsawa, a zana sakamakon a allo. Ƙaramar na'urar ƙirga tururi ta hannu ba ta kai kuɗin babbar waya ba, kuma in aka ɗora ta kan takin fotash yara za su ji ƙararta ta ƙaru da kunnensu. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, irin na Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, za su iya ɗaukar wannan ba tare da jiran gwamnati ba.

Na biyu, ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su nemi haɗin gwiwar Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da cibiyar Zariya, a auna rijiyoyi da burtsatse da kwarin fasa dutse mazaɓa bayan mazaɓa, daga Sara zuwa Farin Dutse zuwa Basirka. A fitar da sakamakon da Hausa, a kai wa dagatai da masu unguwanni. In lafiya lau ne, hankali ya kwanta. In akwai inda ya wuce kima, sau da yawa maganin buɗe taga ne ko sauya wurin ɗiban yashi. Ɗaliban da suka yi aikin kuma sun samu horo a kan ƙasarsu.

Na uku, gwamnatin jiha ta daɗe tana tura ɗalibai ƙasashen waje karatun likita, kuma abin a yaba ne. A ware gurbi ko da uku ne a shekara ga fiziks na nukiliya da fiziks na asibiti da haɗa magungunan tururi, a haɗa da 'yan mata, a kuma tanadar musu gurbin aiki tun kafin su tafi. Cikin shekara goma mun tara mutum talatin. Wani zai ce ba za su dawo ba. Wasu kam ba za su dawo ba. Amma wanda ya san akwai ɗakin awo da albashi na jiransa ya fi saurin dawowa, wanda ya zauna can kuma yakan zama tsanin da ƙannensa za su taka.

Na huɗu ga ɗalibai ne kai tsaye. Gwaji ɗaya a FRIB ko RIKEN yakan haɗa masana da dama daga jami'o'in ƙasashe daban-daban, wasunsu ba su da ko ƙaramin inji a gida. Gwajin kwanaki ne, tace bayanan shekaru ne, kuma da kwamfuta ake yi. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana ta sa taswirar dukkan ƙwallayen da aka sani a intanet kyauta, har da manhajar waya mai suna Isotope Browser. Ita ce kuma ke haɗa kan 'yan tsirarun masanan da ke tantance awon rikiɗa na duniya, aikin da aka daɗe ana kukan ƙarancin matasa a cikinsa. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 don 'yan ƙasashe irin namu aka yi ta. Abin da ake nema a wurinka shi ne lissafi mai ƙarfi, da Turanci, da iya rubuta manhajar kwamfuta, da haƙuri. Duk huɗun ana iya fara su a Gwaram.

Iyaye kuma, in yaro ya ce fiziks yake so, a daina yi masa kallon wanda ya rasa gurbin likita. Likitan da zai yi maganin ciwon daji gobe ba zai iya kunna injinsa ba sai wannan yaron ya auna ya sa hannu.

Ina roƙon malaman kimiyya da ke cikinmu, musamman na Birnin Kudu da Gwaram, su gwada darasin murafen kwalba a wannan zangon, su kawo mana abin da yara suka samu. Masu kusanci da shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu kuma su isar da maganar awon rijiyoyi.

Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mako mai zuwa.